Gejin da Na Ba Haliru

Ku 'ya'yana, kun tashi kun iske wata magana a gidan nan wadda kowa ya ɗauka gaskiya ce, wai idon Baffanku Haliru ne ya raunana, shi ya sa ya bar ƙira ya koma noman albasa a Taloka. Kun ji ta a bakin uwarku, kun ji ta a bakin maƙwabta, wasunku ma sun ji ta a bakin shi Baffan naku. Ni ban taɓa faɗinta da bakina ba, amma ban taɓa ƙaryata ta a gabanku ba, don ni ta yi wa rana. Yanzu ƙafa ta fara ƙi na, zuwa masallacin Juma'a ma sai an ɗora ni a babur, don haka na ga gara in rubuta muku abin da ya faru a shekarar da na gina ƙaramin jirgin ƙasan nan na zaure, wanda kuka yi wasa da shi, 'ya'yanku kuma suke yi yanzu. Idon Baffanku lafiyarsa lau. Ni na raba shi da sana'arsa.

Kakanku maƙerin fari ne a nan Wurno, zobe da awarwaro da 'yan kunne na azurfa, kuma ba a yi amaryar kirki a unguwarmu ba tare da aikinsa a hannunta ba. Ni ne ɗan fari, ni ya kamata in gaje shi. Sai dai duk wayar azurfar da ya miƙo mini, kafin ya waiga na murƙushe ta. Ba ya duka, ba ya zagi. Dariya kawai zai yi ya karɓe abinsa ya ce:

"Dikko, kai hannunka na guduma na."

Da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Haliru kuwa, da na girme shi da shekara shida, tun bai kai goma ba yake liƙa ɗan kunne ba a ganin wurin liƙin. Baba zai ɗaga aikin ya duba a hasken ƙofa, ya yi shiru, ya ajiye. Wannan shirun shi nake nema tun ina yaro, ban taɓa samu ba. Da na isa mutum sai na bi wani ɗan garinmu zuwa Ƙauran Namoda na shiga aikin reluwe, inda hannun guduma yake da daraja. Na fara da lebura, ina ɗaukar silifa, wato katakon da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin dogo, har na zama helluma, wato shugaban leburori, da mutanena. Shekara ashirin da shida na yi. Duk sallar da na zo gida, zauren nan cika yake yi, ana tambayata yadda jirgi yake kuka da yawan buhun gyaɗar da yake ja. Haliru yana zaune a gefe yana saurare kamar kowa, don shi bai taɓa wuce Sakkwato ba, bai taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa ba. Abin nan guda ɗaya shi ne nawa, ba mai raba ni da shi.

Da jirgi ya daina zuwa aka sallame mu, na dawo gida na zauna. Baba ya riga ya rasu, Inna tana nan da ranta da bakinta, Haliru yana riƙe da maƙera a bakin kasuwa, yana kai kayansa Goronyo da Rabah ranar cin kasuwarsu. Ni kuwa sai zaman zaure da sunan Dikko Reluwe. Samarin da suka taso ba su san jirgi ba, labarina ya zama musu tatsuniya. Wata rana wani ɗan kabu-kabu ya tambaye ni yadda jirgi yake shan kwana tunda na ce ba shi da sitiyari. Na karya kara biyu na shimfiɗa a ƙasa ina ta bayani, suna ta kallon juna suna danne dariya. Ranar na yi rantsuwa sai na nuna musu da idonsu.

Ban so in yi abin wasan yara na gwangwani da ake ja da zare ba. Na so dogo na gaskiya, a ƙanƙance, komai bisa ƙa'idarsa. Na ciro tsohon ƙyauren ɗakin ajiya na ɗora a kan bulo, shi ne ƙasata. Na yanke cewa kowace ƙafa ɗaya ta dogon gaske za ta zama faɗin ƙwayar dawa ɗaya a nawa. Tsakanin ƙarfen dogo biyu ƙafa uku da rabi ne, kenan nawa ƙwayar dawa uku da rabi. A kan wannan awon na yanki geji. A wurin aiki geji sandar ƙarfe ce da muke sawa tsakanin dogo biyu don kada su buɗe ko su tsuke, helluma kuwa gara ya manta hularsa da ya manta gejinsa. Nawa ɗan guntun tagulla ne bai kai ƙwayar dabino ba. Guda biyu na yanka iri ɗaya, ɗaya na aiki, ɗaya na ajiya. Silifa na tsaga su daga katakon akwatin shayi, sirara kamar tsinken ashana. Kowace ɗaya sai na kafa mata fil biyu, sannan in ɗora dogon a kan kawunan fil ɗin in liƙe da dalma. Dogon kansa wayar tagulla ce ta wani injin ban-ruwa da ya ƙone, in bubbuge ta, in goge da magagari har ta yi kusurwa. Tsakuwar da ake zubawa a gefen layi kuwa yashin gulbi na tankaɗe da rariyar uwarku, abin da har yau ba ta yafe mini ba. Kan jirgin na gwangwanin madara ne, injinsa na wata tsohuwar rediyo mai kaset, batir yana cikin taragon farko. Ƙafafun na yi su da anini mai huda da na samu a tsohuwar jakar Baba, bibbiyu a liƙe, ɗaya na rage masa faɗi, ɗayan ya zama leɓen da ke kama dogo. Wata takwas ina wannan aiki, yatsuna duk ƙunar dalma. Ranar da jirgin ya tashi daga wannan kan ƙyaure ya isa wancan bai faɗi ba, ni da furfurata sai da na juya baya na share ido.

Abin da ya gagare ni shi ne mararraba, inda layi ɗaya yake rabuwa biyu. A dogon gaske na gyara ta ya fi a ƙirga, na san kowane ƙarfe da ke cikinta. Amma a nan harshen da ke karkatar da jirgi sai ya yi sirantar baki kamar reza, ratar da leɓen ƙafa zai bi kuma ba ta wuce kaurin farce ba. Sau huɗu ina yi ina ɓarewa. A na huɗun na yi jifa da awartaki ya bugi bango, Inna ta jiyo daga cikin gida. Ta aiko aka kira ni, ta ce ba ta ga dalilin da zan riƙa yaƙi da bango ba alhali ga ƙanena yana cin abinci da irin wannan aikin. Na ce Haliru bai san jirgi ba. Ta ce ita ma ba ta san shi ba, amma ta san ɗanta. Ba a musu da Inna.

Haliru ya zo da la'asar, ya gaishe ni ya tsugunna. Bai taɓa komai ba tukuna. Ya sa na tura tarago a hankali, ya kwantar da kunci a kan ƙyauren yana kallon ƙafar. Tambaya biyu ya yi mini, mi ke hana ƙafar bin layin da ba nata ba, kuma wane ƙarfe ne ke motsi, wanne ne ke tsaye. Na amsa masa a daƙile. Ya ce to, ya ji. Kwana huɗu yana zuwa zaure bayan ya rufe maƙera, yana aiki da gejina a gabana. A rana ta huɗu ya ce in gwada. Na saki jirgin, ya shiga mararrabar ya fita ko girgiza bai yi ba, har da 'yar ƙarar nan, ƙas-ƙas, da ƙafar jirgin gaske take yi idan ta tsallake rata. Shekara ashirin da shida kunnena ya san wannan ƙara. Mutumin da bai taɓa jin ta ba ya fitar da ita a cikin kwana huɗu.

Daga nan zaure ya koma cika kamar da, sai dai ba don ni ba. Kowa ya shigo sai ya wuce layina na wata takwas ya tsaya a kan mararraba, a ture harshen nan da tsinke, jirgi ya bi dama, a sake turewa ya bi hagu, a yi ta salati. Ɗan kabu-kabun nan ya ce yanzu ya gane, kuma Malam Haliru ne ya ganar da shi. Duk wannan na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a wuya na Inna ne. Ta dogara sanda ta fito zaure, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba, ta sunkuya ta shafa wurin liƙin da yatsa, ta ce:

"Wanga hannun ubanku na. Allah shi jiƙan Malam, awa shi yay yi shi."

Sannan ta tuna da ni, ta ce ni ma na yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ina da shekara hamsin da huɗu a lokacin, ina da 'ya'ya bakwai, amma na ji ƙyashi irin na yaron da aka ba ƙanensa tsokar da ta fi girma. Ba zan saya muku ba, hassada ce, kuma na san sunanta tun a ranar. Na bar masa azurfa, na bar masa maƙera da sunan Baba, na je na samo abu guda a ƙasar wasu na kawo, ga shi nan ma ya shigo ya fi ni.

Shi kuwa Haliru abin ya shige shi, ko alamar abin da ke raina bai gani ba. Ya zo mini da murna a gaban Inna, wai zai samo ƙyaure na biyu ya yi nasa layin a maƙera, mai kwana, da gada a kan gulbi, da tasha a ƙarshe da za a rubuta wa Wurno, tunda jirgin gaske bai taɓa zuwa mana ba. Washegarin babbar salla sai a haɗa ƙyauren biyu, jirgina ya taso daga Ƙaura ya sauka gida. Inna ta ce madalla. Ni ma na ce madalla. Ya ce gobe zai zo ya ari geji.

To, akwai dokar Baba da duk wanda ya tashi a maƙerarmu ya sani. Idan ka ari ma'aunin wani, ba ka aiki da shi, kuma ba ya kwana a wurinka. Za ka ɗora shi a kan ƙarfenka ka yanki naka daidai da shi, ka mayar wa mai shi kafin rana ta faɗi. Na san Haliru ba zai karya wannan doka ba ko da za a yanka shi. Da hantsi, gida ya yi shiru, na ɗauko gejin ajiya na kama shi da awartaki, na goga masa magagari a gefe ɗaya. Abin da na rage bai fi kaurin takarda biyu ba, ido ba ya gani, amma a dogo irin wannan ya isa. Ya zo ya karɓa da hannu biyu, kafin la'asar ya dawo mini da shi, ya ce ya yanki nasa guda uku. Bayan kwana biyu ya nemi in ba shi tarago ɗaya ya riƙa gwadawa. Na ce ina yi musu fenti, kuma mu a reluwe ba ma jawo jirgi don mu shimfiɗa layi, geji muke bi.

"To, Yaya, kai ka san abinka," in ji shi.

Abin da na gaya wa kaina shi ne, jirgin zai ɗan turje a layinsa, shi kuma ya rasa dalili, ya juyo ya tambaye ni a gaban mutane, ni kuma in duba in gyara, kowa ya san wane ne helluma. Iyakar abin da na nufa kenan, Allah shi ne shaida. Amma akwai abin da na sani na ƙi tunawa. Baba yana kusan hamsin idonsa ya fara yana, bai gaya wa kowa ba, sai da ya ɓata zoben wata amarya aka dawo masa da shi a gaban jama'a. Daga ranar bai sake zama a bakin wuta ba. Haliru yana wurin aka yi, kuma a shekarar da nake ba ku labari yana da arba'in da takwas. Na sha ganinsa yana rufe ido ɗaya yana kallon tsinke da ɗayan, in ya ga na gan shi sai ya wayance.

Wata uku ya yi a kan ƙyaurensa. Washegarin salla bayan la'asar aka ɗauko shi, mutum huɗu, aka shigo da shi zaure. Na matsa kusa na duba shi. Kwanar ta tafi sumul, silifa a jere kamar haƙoran mataji, gadar ta farin ƙarfe har da ƙananan ƙusoshi, a jikin tashar an huda WURNO da boko da ajami. Layina a kusa da shi ya zama aikin maƙerin garma. Zaure ya cika, mai unguwa yana kan kujera, mata suna leƙe ta ƙofar ciki, Inna tana kan tabarma a gaba. Aka haɗa ƙyauren biyu. Na ɗora jirgi na sake shi. Ya bi layina, ya wuce mararraba, ya taka na Haliru. Bai yi taƙi ɗaya ba ya fara ƙara, ƙafafun gaba suka hau kan dogo, a bakin gada ya kife, ya ja taragu uku suka zubo ƙasa a gaban Inna. Wani ya yi dariya, wasu suka taya shi. Aka sake ɗorawa, ya sake faɗuwa a wuri ɗaya.

Haliru bai tambaye ni komai ba, abin da na shirya wa kenan kuma bai zo ba. Ya ce in ba shi gejina. Na sa hannu a aljihu na ba shi na gaskiya. Ya sa shi tsakanin dogonsa, ya ƙi shiga. Ya gwada a kwana, ya gwada a kan gada, ya gwada a tasha, ko'ina ya ƙi. Sai ya ciro nasa daga aljihu, ya haɗa su baya da baya, ya je bakin ƙofa ya ɗaga su a haske, yadda Baba yake yi. Ya daɗe a tsaye. Da ya juyo, murya ƙasa-ƙasa ya ce:

"Nawa ya gaza. Ga abu a hannuna, nid duba shi, niy yanka, ban gani ba. Inna, abin Baba ya iso."

A nan ne ya kamata in yi magana. Kalma biyar ta isa. Na buɗe baki, sai na ji mai unguwa yana cewa ai dama aikin jirgi sai mai jirgi, Dikko shi ya san sirrin abinsa. Maganar ta yi mini daɗi, kuma na bar ta ta gama yi mini daɗi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, ba komai, kowa yana kuskure.

A cikin makon ya bi gida-gida ya mayar wa mutane azurfarsu, ya ce ba zai ɓata kayan amana ba. Matarsa Rabi ta matsa masa har ya je asibitin ido a Sakkwato, aka duba aka ce ba abin da ke damunsa. Ya dawo ya ce likita harafin bango ya sa shi karantawa, shi kuwa aikinsa da kaurin gashi ne, kuma ya ga abin da ya gani. Na je na ce masa ya koma aikinsa, kuskure ɗaya ba ya kashe maƙeri. Ya ce kuskure ɗaya ne ya zaunar da Baba. Ina da maganin a aljihuna, na tashi na tafi da shi. Duk makon da ya wuce, faɗin gaskiya yana ƙara nauyi, don yanzu ba gejin kaɗai zan amsa ba, har da shirun da na yi. Ya naɗe kayan aikinsa a buhu ya kai ɗakin Inna, kafin damina ya kwashi iyalinsa ya koma Taloka wurin surukansa, suka yanka masa fadama. Inna ta yi shekara biyu tana aika masa da kwalli da rubutu, kowace salla sai ta roƙa masa lafiyar ido. A haka ta rasu.

Ƙyaurensa ya bar mini, ya ce in ɓare in gyara. Ban ɓare ba, shi ne wanda kuka sani a jingine a bayan buhunan gero, wanda nake hana ku taɓawa. Wata rana ni kaɗai na kwantar da shi, na ɗauko gejin da na goge na bi layin da shi daga farko har tasha. Ko'ina ya shiga cif, ba matsi ba sako-sako, har a tsakiyar kwana inda ni ban taɓa samun daidai ba. Ma'aunin ƙarya na ba shi, ya bi shi da gaskiyar da ni ban iya bin na gaskiya da ita ba. Kuna zaton nadama ce ta fara zuwa mini? Haushi ne ya fara zuwa, nadamar daga baya ta biyo.

Shekara tara aka yi a haka. Sai aurenki ya tashi, Asma'u. Kin tuna kin je Taloka da kanki kin roƙi Baffanki ya yi miki awarwaro, ko guda ɗaya, don ba a taɓa fitar da 'yar gidan nan da aikin wani ba. Ya ce miki makaho ba ya yi wa amarya ƙira. Kin dawo kina kuka a ɗakin uwarki kina cewa Baffa ya ƙi ki, ni kuma ina zaure ina jin ki. Washegari da sassafe na sa gejin biyu a aljihu na hau kabu-kabu.

Na same shi a fadama yana ban-ruwa, wando a naɗe, laka har gwiwa. Ya yi murnar ganina, ya shimfiɗa mini buhu a gindin mangwaro, yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ban bari ya gama ba, don na san in ya gama ba zan iya ba. Na kama hannunsa na zuba masa gejin biyu, na gaya masa komai, tun daga maganar Inna a zaure har abin da na yi da hantsin nan. Ban nemi uzuri ba. Bai dube ni ba, bai kuma ɗaga su a haske ba. Babban yatsansa kawai yake bi da shi a gefen ɗaya, ya koma ɗayan. Ruwa ya cika fangalin da yake shayarwa ya fara tsallakewa, ya tashi ya je ya toshe da fartanya, ya buɗe wa na gaba, ya dawo ya zauna.

"Sau nawa kag goga?" ya tambaye ni.

Na ce sau uku.

"Huɗu na. Na ƙarshen ka karkace hannu."

Na ƙirga a raina, sai na tuna. Huɗu ne. Shekara tara ina gaya wa kaina uku, shi kuwa da yatsan da ya sha laka ya ƙirga su. Ko a wannan zaman, da kunyar da ta rufe ni, sai da na ji tsohon abin nan ya motsa a ƙirjina. Na gaya muku ne don ku san irin uban da kuke da shi.

Na ce masa kayan aikinsa suna nan a buhu yadda ya bar su, saura mako biyar biki, ya zo ya yi wa Asma'u awarwaronta, ni kuma zan tara mutanen unguwa in faɗi abin da na yi. Sai ya miƙo hannayensa biyu ya buɗe su a gabana. Tafin ya yi kanta, yatsun sun kumbura a gaɓoɓi sun ƙi miƙewa, na dama yana ɗan rawa. Ya ce ko allura ta faɗi yanzu sai ya kira Rabi ta ɗauka masa, ba don bai gan ta ba.

"Ido shina nan, Yaya, sai yanzu nis san shina nan. Hannun na babu. Na yahe maka nawa, don kar in tashi da kai gaban Allah. Amma Inna ta tahi tana roƙa min abin da ban rasa ba. Wanga ba ni ad da ikon yahe shi ba."

Na tara mutanen kamar yadda na ce, sai dai rabin waɗanda suka ga faɗuwar jirgin sun mutu, sauran kuma suka ce tsohon zance ne, Allah ya kiyaye gaba, aka watse. Ku kuna makaranta da wuraren aurenku, Asma'u kuma tana hidimar bikinta, aka ɓoye muku don kada girmana ya zube, ni ma na yarda aka ɓoye. Baffanku yana zuwa gidan nan suna da biki da ta'aziyya, yana gaishe ni yadda ƙane yake gaida wa, amma ta ƙofar baya yake shiga, bai sake taka zauren ba. Na ji wasunku suna cewa girman kai ne, ku daina.

Asma'u, awarwaron da kika sa ranar bikinki na kasuwa ne, ni na sayo shi a Sakkwato, uwarki ta ce miki tsohon aikin kakanki ne don ki daina kuka. Kin yi shekaru kina gaida Baffanki a tsaye saboda kina ganin ya ƙi ki. Ki shirya ki je Taloka tun yana raye, ki durƙusa ki gaishe shi. Ranar da kika roƙe shi kika tafi, Rabi ta ce sai da ya ɗauki guntuwar waya ya shiga ɗaki yana gwada lanƙwasa ta har azahar, bai ci abinci ba.